Jean Rouch, injiniyan hanya da ya koma ɗaukar fim a Nijar

Aikin hanya ne ya kawo Jean Rouch Yamai a 1941, yana ɗan shekara 24. An haife shi a Paris a 1917, kuma injiniyan gadoji da hanyoyi ne, bai karanci silima ba. A bakin kogin Isa ya haɗu da Damouré Zika, wani saurayi ɗan masuntan Sorko, abotarsu ta wuce shekara 60.

A 1942 aradu ta kashe masa leburori goma. Kakar Damouré ce ta jagoranci bikin da aka yi wa Dongo, iskan tsawa na Zabarmawa, Rouch na tsaye yana kallo. Daga ranar hankalinsa ya bar kwalta ya koma kan mutane.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya dawo da abokai biyu, suka bi kogin tun daga mafarinsa a Gini har teku, tsakanin 1946 da 1947. Tsohuwar kyamara ce a hannunsa, ya kuma rasa ƙafafunta a hanya, sai ya riƙa ɗauka da hannu. Wannan lalura ita ta zama salonsa: kyamara na tafiya cikin jama'a, tana bin masu farautar dorina a yankin Ayorou.

Fim ɗin da ya fi jawo masa magana shi ne Les Maîtres fous, wanda ya ɗauka a Akra a 1954. Ya nuna 'yan ci-rani daga Nijar masu bin ƙungiyar Hauka, iskokin da ke hawansu suna kwaikwayon gwamna da sojojin Turawa, kumfa na zuba daga baki, ana yanka kare. Ingila ta hana nuna shi a Gold Coast. Ɗaliban Afirka a Paris ma ransu ya ɓaci, suna ganin an mai da baƙar fata abin kallo. Daga baya Ousmane Sembène ya zarge shi ido da ido da duban 'yan Afirka kamar ƙwari. Zargin yana da nauyi, domin muryar Rouch ce ke fassara komai a fim ɗin.

Sai dai ya yi abin da Turawa kaɗan suka yi a lokacin. Yakan koma ƙauye da na'urar haskawa ya nuna wa mutane hotonsu, su gyara masa. A Moi, un noir na 1958 ya bar ɗan dako Oumarou Ganda ya faɗi rayuwarsa a Treichville ta Abidjan da bakinsa. Gandan nan ne ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972 da Le Wazzou polygame. Moustapha Alassane ma ta hannun Rouch ya shiga harkar.

Finafinansa sun haura 100. Wanda ya fi ba da dariya shi ne Cocorico Monsieur Poulet na 1974, labarin dillalan kaji a cikin wata rugujajjiyar mota, wanda ya yi tare da Damouré da Lam Ibrahim Dia.

Ya mutu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai ta ɗauki sunansa har zuwa 2024, lokacin da hukumomi suka sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane.