Birgediya Zakariya Maimalari

Na fara jin sunan Maimalari ne a gidanmu a Dosara, domin kawuna soja ne a Barikin Maimalari da ke Maiduguri. Da na ɗauka sunan wata unguwa ce. Sai da na zo makarantar nan malaminmu na tarihi ya gaya mana ashe mutum ne, kuma ya yi zaman makarantar kwana kamarmu.

An haifi Zakariya a 1930 a ƙauyen Maimalari, cikin ƙasar Barno ta da, yanzu Jihar Yobe. Ya yi karatu a kwalejin da yau ake kira Barewa. A 1950 ya shiga soja, aka tura shi makarantar Sandhurst ta Ingila, ya dawo hafsa. Ya je aikin kwantar da tarzoma a Kwango. Daga baya ya kai muƙamin birgediya, yana shugabancin Birged ta Biyu a Ikko.

Daren 15 ga Janairu 1966 masu juyin mulki suka dira gidansa a Ikoyi. Ya sulale ya tsere, yana tafe a ƙasa cikin duhu. Can sai ya hango motar Manjo Ifeajuna, wanda ke aiki a ƙarƙashinsa kullum. Ya tsai da ita, yana zaton agaji ya iso. Ashe Ifeajuna yana cikin jagororin juyin. Nan take ya harbe shi.

Wannan wurin shi ne ya hana ni barci rannan a ɗakin kwananmu. Da bai gane motar ba, watakila da ya tsira. Shekarunsa ba su wuce 36 ba. Allah ya ji ƙansa, amin.