Hans Demant: Mai Kekunan Ɗinki da Ya Koma Sayar da Na'urar Ji

Hans Demant mutumin ƙasar Denmak ne, mai masana'antar kekunan ɗinki da na hawa a garin Odense. Matarsa Camilla ba ta ji sosai. Duk wanda ya taɓa zama da mai irin wannan lalura ya san yadda hira take gagara a gida, sai an yi ta ɗaga murya kamar ana faɗa.

A shekarar 1902 aka yi bikin naɗin Sarauniya Alexandra ta Ingila. Ita ma 'yar Denmak ce mai matsalar kunne, tana kuma amfani da wata na'ura mai batir wadda wani Ba'amurke, Miller Reese Hutchison, ya ƙirƙiro. Da Demant ya samu labari, sai ya tafi Ingila takanas ya sayo wa matarsa irinta. A ganina, ba neman riba ya kai shi ba.

Ciniki ya biyo baya. A 1904 ya samu izinin sayar da na'urar, mai suna Acousticon, a Denmak. Ya rasu a 1910, ɗansa William ya gaje shi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya hana shigo da kaya, sai William ya fara ƙera tasa, kamfanin ya zama Oticon.