Ibnu Rushdi, alƙalin da yake likita: wa ke biya idan magani ya yi kisa?

 

Duk ɗalibin fiƙihu da ya yi nisa a karatu ya san littafin Bidayatul Mujtahid, ko ya karanta shi a zaure ko a ajin jami'a. Kaɗan ne suka san cewa mawallafinsa shi ne likitan fadar sarkin zamaninsa, kuma ya rubuta wani littafi a kan likitanci wanda Turawa suka yi ƙarnuka suna koyarwa. Saboda haka idan ya zo kan hukuncin likitan da ya yi kuskure, yana magana ne a matsayin wanda ya zauna a kujerar alƙali, ya kuma tsaya a kan gadon majinyaci.

Sunansa Abul Walid Muhammad ɗan Ahmad ɗan Muhammad Ibnu Rushdi. An haife shi a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, cikin Sifaniya ta yau, a shekara ta 520 bayan Hijira, wato 1126. A shekarar ce kakansa ya rasu, wanda shi ma sunansa Abul Walid Muhammad, babban alƙalin Ƙurɗuba kuma limamin babban masallacinta, mai littafin Al-Muƙaddimat da Al-Bayan wat Tahsil, waɗanda har yau malaman Malikiyya ba su wadatu daga gare su ba. Don a rarrabe su ne ake ce wa na farkon Kaka, na biyun Jika. Mahaifinsa ma ya yi alƙalancin garin. Gidan shari'a ne kaka da kakanni, kuma yaron ya bi turbar gidan: ya haddace Muwaɗɗa ta Imam Malik, ya karanta ta a gaban mahaifinsa, ya ɗauki hadisi a wurin malamai irin su Ibnu Bashkuwal. Sai dai bai tsaya nan ba. Ya je ya durƙusa gaban Abu Ja'afar ɗan Haruna At-Tarjali ya koyi likitanci, ya kuma nutsa cikin littattafan Jalinus da Arisɗo. Masu tarihi sun ce tun da ya yi wayo bai taɓa kwana bai yi nazari ba sai dare biyu, daren rasuwar mahaifinsa da daren angoncinsa.

Ya tashi a lokacin da mulki ke sauya hannu daga Murabiɗun zuwa Muwahhidun. Wajen shekara ta 1162 ya rubuta Al-Kulliyat, littafi mai kashi bakwai da ya fara daga gaɓoɓin jiki, ya bi ta kan lafiya da cuta da alamomi, da magunguna da abinci, ya ƙare da kiyaye lafiya da warkar da cuta. Ƙa'idoji ya tattara a ciki, ya bar wa abokinsa Ibnu Zuhri, babban likitan Ishbiliya, bayanin cututtuka ɗaya bayan ɗaya a littafinsa At-Taisir.

A farkon Al-Kulliyat akwai wata magana da ta cancanci alƙalai su karanta ta kafin likitoci. Ya bayyana cewa sana'ar likita ba ta ɗauki alkawarin warkarwa ko ta halin ƙaƙa ba. Abin da ke kanta shi ne ta yi abin da ya kamata, gwargwadon yadda ya kamata, a lokacin da ya kamata, sannan ta jira sakamako. Ya kwatanta ta da aikin matuƙin jirgin ruwa da na jagoran runduna: kowannensu yana iya yin duk abin da ilminsa ya hukunta, amma iska ta juya, ko yaƙi ya ci shi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin duk hukuncin da za mu gani a gaba daga nan ya tsiro. Idan waraka ba a hannun likita take ba, to mutuwar majinyaci kaɗai ba ta isa hujja a kansa ba. Abin tambaya shi ne ko ya san aikin, ko kuma ya yi shi yadda masu shi suke yi.

Ibnu Ɗufail, likitan fada kuma marubuci, shi ya gabatar da shi ga sarki Abu Yaƙub Yusuf. A shekara ta 1169 aka naɗa shi alƙalin Ishbiliya, bayan shekara biyu ya koma Ƙurɗuba. A 1182 ya gaji Ibnu Ɗufail a matsayin likitan sarki a Marrakish, sannan aka ba shi kujerar kakansa ta babban alƙalin Ƙurɗuba. Ibnul Abbar ya ambata cewa mutane suna neman fatawarsa a likitanci kamar yadda suke neman ta a fiƙihu.

Wanda bai san aikin alƙali ba zai yi zaton waɗannan fannoni biyu sun yi hannun riga. Amma dubi abin da ake kawowa gaban shari'a. Mace ta ce mijinta yana da kuturta ko albaras ko taɓin hankali, tana neman zaɓin rabuwa. Magada sun ce kyautar da mahaifinsu ya yi a ciwon ajali ya yi ta, don haka ba za ta wuce sulusi ba. An sari mutum a ka, ana so a san ko raunin ya bayyana ƙashi, domin diyyarsa raƙuma biyar ce, ko ya wuce haka. A mazhabar Malik ma ba a yin ƙisasin rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya. A kowace ɗaya daga cikin waɗannan, alƙali yana jingina ne da idon likita. Ibnu Rushdi yana da idon a kansa.

Ya taɓo mas'alar likita a wurare uku cikin Bidaya, kuma kowane wuri da fuskarsa. Na farko a babin ju'ala, wato sanya lada a kan amfanin da ba a tabbatar da samuwarsa ba. Misalin da ya fara kawowa shi ne a yi sharaɗi da likita cewa ba za a biya shi ba sai majinyaci ya warke. Ya nuna Malik ya halatta ju'ala idan ladan sananne ne kuma ba a yanka mata wa'adi ba, Abu Hanifa ya hana, Shafi'i yana da magana biyu. Kamar yadda ya saba, bai tsaya ga jera ra'ayoyi ba, sai da ya tono dalilin saɓanin: masu halattawa sun riƙi ƙissar kayan raƙumi a Suratu Yusuf da hadisin sahabban da suka karɓi tumaki a kan ruƙiyya da Fatiha, masu hanawa kuwa sun ga garari a ciki. Darasin da ke nan shi ne shari'a ta ɗauki alaƙar likita da majinyaci a matsayin ƙulla yarjejeniya, mai sharuɗɗa da haƙƙoƙi a ɓangare biyu.

Wuri na biyu da na uku su ne babin ijara da babin diyya, inda ya zo kan lamuni. A nan ya raba masu magani gida biyu. Akwai wanda aka sani da ilmin, ya yi aikinsa, hannunsa ya kuskure, kamar mai kaciya ya zarce ya yanke kan zakari. Wannan ba a yi masa ƙisasi, domin bai yi nufin cuta ba. Amma jinin mutum ba ya tafiya a banza: diyya ta wajaba, a matsayin laifin kuskure. Idan ta kai sulusi zuwa sama, danginsa na wajen uba ne za su ɗauka, wato aƙila. Idan ba ta kai ba, daga dukiyarsa. Ya kuma kawo wata ruwaya daga Malik cewa masanin likitanci ba a bin sa komai. Sai gida na biyu, wanda ba a san shi da likitanci ba ya tsoma hannu a jikin mutane. Shi wannan mai ƙetare iyaka ne tun kafin ya taɓa majinyaci. Ya ce ba a yi saɓani ba cewa yana lamuncewa, ya kafa hujja da hadisin Amru ɗan Shu'aibu wanda ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya yi magani alhali ba a san shi da shi ba. A babin ijara ya ƙara masa da bulala da kurkuku a kan diyyar.

A ganina hikimar wannan rabo ta fi abin da ake gani da farko. Da shari'a ta ce duk likitan da majinyaci ya mutu a hannunsa a kashe shi, ko ya biya cikakkiyar diyya daga aljihunsa, babu mai hankalin da zai yarda ya fiɗa ciki ko ya ɗora ƙashi, kuma talaka mai ciwo mai tsanani shi zai fara rasa mai duba shi. Da kuma ta ce kowa ya tafi abinsa tunda ajali ne ya zo, to an buɗe ƙofa ga duk mai son abin duniya ya ɗauki aska. Sai ta rarraba nauyin kuskuren gwani a kan jama'arsa don kada ya karye, ta tabbatar iyalan mamaci sun sami haƙƙinsu, ta kuma tara nauyin duka a wuyan ɗan kutse. Imani da ƙaddara bai taɓa zama dalilin yafe lamuni a littattafan fiƙihu ba, ko da yake a bakin mutanenmu yakan zama haka, inda ake binne gawa a ce kwana ne ya ƙare, ba a tambayi wanda ya yi allurar ba.

Sai dai wannan hukunci yana jawo wata tambaya da alƙali shi kaɗai ba zai amsa ba: wa zai ce wane gwani ne, wane ɗan kutse? Nan ne aikin hukuma ya shigo. Tun a shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, da wani ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, halifa Muƙtadir ya hana kowa yin likitanci sai wanda Sinan ɗan Sabit ya jarraba ya ba shi takarda, aka jarraba mutum fiye da 860. A Ishbiliya kuwa, garin da Ibnu Rushdi ya fara alƙalanci, Ibnu Abdun ya riga ya rubuta littafinsa na hisba a farkon ƙarnin, inda ya nemi a hana mutum da'awar sana'ar da bai iya ba, musamman likitanci, a kuma hana sayen haɗe-haɗen magani a wurin 'yan koli da masu kayan ƙamshi. Lamunin da alƙali ke yankewa bayan ɓarna da sa idon da muhtasibi ke yi kafin ɓarna, asalinsu ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ya ji mai lasifika yana tallan kwalba ɗaya mai maganin cuta goma zai gane abin da Ibnu Abdun yake gudu.

Shi kansa Ibnu Rushdi bai sassauta wa manya ba a wannan fage. Ya rubuta wata maƙala a kan tiryaƙi, haɗin da sarakuna ke ji da shi a matsayin makarin dafi, ya nuna magani ne mai ƙarfi da ke da muhallinsa da gwargwadonsa, bai dace mai lafiya ya mayar da shi abin sha kullum ba.

Bayan rasuwar Abu Yaƙub a 1184, ɗansa Yaƙub Al-Mansur ya hau, ya ci gaba da girmama shi shekara goma. Wannan sarki shi ya gina babban asibitin Marrakish, wanda Abdulwahid Al-Marrakushi ya siffanta: ruwa na gudana ta ɗakunansa, an yanka masa dinari 30 kullum don abinci banda magunguna, talaka idan ya warke a sallame shi da guzuri, sarki kuma yana shiga duba majinyata kowace Juma'a bayan salla. Amma a 1195 al'amari ya juya. Masu adawa da shi suka kai ƙararsa a kan littattafansa na falsafa, aka zauna a Ƙurɗuba aka yi tir da shi, aka kore shi zuwa Alyusana, wani ƙaramin gari da galibin mazaunansa Yahudawa ne, aka ba da umarnin ƙona littattafan falsafa. Malamai tun daga wancan lokaci sun yi maganganu a kan wasu ra'ayoyinsa a wannan fanni, musamman a raddinsa ga Imam Gazali, kuma wannan bahasi ne mai zaman kansa. Abin lura a nan shi ne umarnin ƙonawar ya togace littattafan likitanci da lissafi da ilmin taurarin da ake gane lokutan salla da alƙibla da shi. Ko a cikin fushi, hukuma ta san al'umma ba za ta rayu ba likita ba.

Korar ba ta daɗe ba. Sarki ya yafe masa ya kira shi Marrakish, inda ya rasu a watan Safar na shekara ta 595, wato Disamban 1198, yana da shekara 75 a lissafin Hijira, Allah ya ji ƙansa. A 1255 aka fassara Al-Kulliyat zuwa harshen Latin a Italiya, ya shiga makarantun likitanci na Turai, Bidaya kuwa ta bi ayarin littattafan Malikiyya har ta iso hannunmu. An fara binne shi a Marrakish, bayan wata uku aka ɗauke gawar zuwa maƙabartar iyayensa a Ƙurɗuba. Ibnu Arabi, wanda ya halarci tashin, ya ba da labarin cewa an ɗora akwatin gawar a gefe ɗaya na dabbar, aka ɗora littattafansa a ɗaya gefen don kayan su daidaita.