Tarihin Rudolf Dizal, Mai Injin Gas

Malamai da fatake, ku sani manyan motocin da ke ratsa Gyadi-Gyadi da Tarauni bisa hanyar Zariya, injinsu sunan wani mutum ya ci.

An haifi Rudolf Dizal a birnin Faris cikin 1858, watau 1274 ta Hijira, iyayensa Jamusawa ne. Ya yi karatu a Munik, ya ga injin tururi yana ɓarnatar da mafi yawan zafin wutarsa. Sai ya yi dabara: a matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mata mai, ya kama da kansa ba fulogi. Wajen gwaji cikin 1893 injin ya yi bindiga, saura kaɗan ya halaka shi. Bai fasa ba, har ya ci nasara cikin 1897. Cikin 1900, a Faris, aka tafiyar da irin injinsa da man gyaɗa zalla.

Dukiya ta samu, ta kuma salwanta, bashi ya yi masa katutu. Daren 29 ga Satumba 1913 ya ɓace daga jirgin ruwa, kan hanyar Ingila. Bai ga famfon fesa mai na Bosch ba, wanda tun 1927 ya yaɗa injinsa cikin motocin kaya.