Albert Gudmundsson: Ɗan ƙwallon da ya sayi kwantiraginsa, ya zama ministan kuɗi

Yawancinmu ba mu san da zaman ƙasar Ayislan a harkar tamaula ba sai ranar 22 ga Yuni, 2018, da Ahmed Musa ya ɗura musu ƙwallo biyu a birnin Volgograd na Rasha a Gasar Kofin Duniya. A lokacin mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai dubu ɗari huɗu ba, wato ba su kai wasu ƙananan hukumomin Kano yawa ba. A cikin tawagar da suka kawo Rasha akwai wani matashi mai suna Albert Gudmundsson, kuma sunan gado ne. Mai ainihin sunan shi ne kakan mahaifiyarsa, wato mahaifin kakansa na wajen uwa, ɗan Ayislan na farko da ya mayar da ƙwallo sana'ar da ake biyansa albashi. Labarinsa ya dace da ɗalibi, domin karatu ne ya fitar da shi daga gida, ƙwallo ta ɗaga shi, kasuwanci ya riƙe shi, siyasa kuma ta nuna masa daɗi da ɗaci.

An haifi Albert ranar 5 ga Oktoba, 1923, a Reykjavik, babban birnin ƙasar. Ayislan tsibiri ne can arewacin Tekun Atlantika, kuma a wancan zamani tana ƙarƙashin sarkin Danmak. Kamun kifi da kiwon tumaki su ne abin dogaron jama'a. Albert ya tashi cikin rashi, kuma kamar yawancin yaran unguwa, abin da ya samu kyauta shi ne fili da ƙwallo. Ya shiga kulob ɗin Valur, wanda aka kafa a 1911 a ƙarƙashin wata ƙungiyar matasa ta Kirista da wani limamin coci, Fridrik Fridriksson, yake jagoranta. Valur na nufin shaho a harshensu.

Sai mun fahimci irin lig ɗin da ya fito daga ciki kafin mu gane girman abin da ya yi. An fara gasar ƙwallon ƙafa ta Ayislan a 1912, kulob ɗin KR ne ya fara ɗaukar kofin. Saboda tsananin sanyi da doguwar duhuwar hunturu, da bazarar Turawa kaɗai ake bugawa, lokacin da rana kan kusa kwana ba ta faɗi ba. A shekarun 1940 ƙungiyoyin da ke shiga gasar 'yan ƙalilan ne, kuma manyan cikinsu, KR da Fram da Valur da Vikingur, duk 'yan gari ɗaya ne. Fili ɗaya suke haɗuwa a kai, ana ce masa Melavollur, kuma na tsakuwa ne, babu ciyawa. Duk wanda ya taɓa faɗuwa a filin makarantarmu da rani ya san abin da tsakuwa ke yi wa gwiwa. Babu mai karɓar ko sisi. Mutum ya tashi daga aiki a tashar jirgin ruwa ko shago, ya ɗaura takalmi, ya shiga fili. Sai a 1951 ne ma wata ƙungiya daga wajen Reykjavik, wato IA ta garin Akranes, ta iya ɗaukar kofin.

A wannan ƙaramar gasa Albert ya fara haskawa a matsayin ɗan wasan gaba. Zamanin Valur ne, domin ta ɗauki kofin sau huɗu a jere daga 1942 zuwa 1945, kuma da shi aka fara wannan jerin nasarori. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Birtaniya sun sauka a tsibirin a watan Mayu na 1940, na Amurka suka biyo baya a 1941. Ranar 17 ga Yuni, 1944, Ayislan ta yanke igiyar da ta ɗaure ta da Danmak, ta zama jamhuriya.

A wannan shekarar ce Albert ya gama makarantar koyon kasuwanci a Reykjavik, ya hau jirgin ruwa zuwa Glasgow ta Skotlan don ƙaro karatun kasuwanci a kwalejin Skerry's. Ku lura fa, a matsayin ɗalibi ya fita. Amma abin ka da mai baiwa, ba a jima ba Rangers ta gan shi, ya fara yi mata wasa. A 1946 ya gangara Landan ya shiga Arsenal. 'Yan Arsenal na hostel, ga abin da za ku riƙe: mutumin nan ya buga muku wasannin lig biyu a watan Oktoba na 1946, ban da wasannin sada zumunta. Kulob ɗin na son sa, amma dokar Ingila ta lokacin ba ta ba baƙo irinsa takardar izinin aiki a matsayin ƙwararren ɗan wasa. Ya iya buga wasa kyauta, amma ba zai karɓi albashi ba. To ina mutum zai zauna a Landan da yabo kaɗai?

A tsakanin nan yakan leƙa gida ya yi wa ƙasarsa wasa. Ayislan ta buga wasanta na farko na ƙasa da ƙasa a 1946, Danmak ta ci ta 3-0. A 1947 suka kara da Norwe, aka ci su 4-2, kuma Albert ne ya zura duka biyun. Su ne ƙwallayen farko da ƙasar ta taɓa ci a tarihinta.

Hanya ta buɗe masa ta Faransa. Arsenal na da al'adar buga wasan sada zumunta da Racing Club ta Faris, kuma a irin wannan wasa ne Faransawa suka ga abin da yake yi da ƙwallo. A 1947 ya sa hannu a kwantiragi da kulob ɗin Nancy, ya zama ɗan Ayislan na farko da ke cin abinci da ƙwallo. Kaka ɗaya ya yi, sai AC Milan ta Italiya ta ɗauke shi a 1948. Yaron da ya koyi yanka a kan tsakuwa, a gasar ƙungiyoyi huɗu ko biyar, ga shi a San Siro.

A nan ne jarrabawa ta zo. A wani wasa da Lazio ya ji mummunan rauni a gwiwa. A yau irin wannan rauni aiki ne da jinyar wasu watanni, amma a 1940 da wani abu, sau da yawa ƙarshen wasan mutum ke nan. Likitan Inter, abokiyar hamayyar Milan ta gari ɗaya, ya ga zai iya yi masa aiki. Shugabannin Milan suka ce haɗarin ya yi yawa, ba su yarda ba. Kwantiragi kuma a hannunsu yake. Albert ya auna lamarin da idon ɗan kasuwa: in ya zauna, ya gama, in aka yi aikin, ko dai ya gama ko ya dawo. Sai ya zare kuɗinsa ya sayi kwantiraginsa daga hannun kulob, ya kwanta aka yi masa aikin, kuma aka dace. Yana da shekara ashirin da biyar a lokacin, a ƙasar da ba tasa ba.

Bayan ya warke ya koma Faransa, ya shiga Racing Club ɗin nan da ta fara ganin sa. A zamaninsa kulob ɗin ya kai wasan ƙarshe na Kofin Faransa a 1950, Reims ta ci su 2-0. Daga baya ya yi wasa a Nice. Faransawa sun laƙaba masa suna Farin Lu'ulu'u, domin a lokacin suna kiran shahararren ɗan wasan nan na Maroko, Larbi Benbarek, Baƙin Lu'ulu'u. Duk wanda aka jera da Benbarek a Faransa ta wancan zamani, to ba ƙaramin ɗan wasa ba ne.

A tsakiyar shekarun 1950 ya rataye takalmin sana'a ya koma gida. Nan ne takardar Glasgow ta yi rana. Ya buɗe kamfanin shigo da kaya da sayarwa a sari, ya yi amfani da harshen Faransanci da mutanen da ya sani a can, har ya zama ƙaramin jakadan girmamawa na Faransa a Reykjavik. Bai bar fili gaba ɗaya ba, domin ya ci gaba da wasa da horarwa a ƙungiyar garin Hafnarfjordur da ke kusa da babban birni.

A watan Agusta na 1967 Danmak ta yi wa Ayislan cin kaca a Kwapanhagan, 14-2. Har yau ba a manta da wannan sakamako a ƙasar ba. A shekarar da ta biyo aka zaɓi Albert shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, KSI, ya riƙe ta daga 1968 zuwa 1973. Wanda ya san yadda ake gudanar da ƙwallo a Landan da Milan da Faris ne ya karɓi hukumar da ke fama da kunya. A shekarar da ya sauka, wani matashi Asgeir Sigurvinsson ya tafi Standard Liege ta Beljiyam, daga baya ya ɗauki kofin Jamus da Stuttgart a 1984. Bayansa aka yi Eidur Gudjohnsen na Chelsea da Barcelona. Duk ta ƙofar da Albert ya buɗe suka bi.

Daga hukumar ƙwallo sai siyasa. Ya shiga jam'iyyar 'yan mazan jiya da ake kira Jam'iyyar 'Yancin Kai, ya zama kansilan birnin Reykjavik a 1970, ya shiga majalisar dokokin ƙasar, Althingi, a 1974. Siyasarsa irin wadda muka sani ce: mai matsala ya zo ofis, a ɗaga waya, a warware masa. Talakawa sun ƙaunace shi a kan haka, masu suka kuma suna ganin alfarma ce ke taka tsari. A 1980 ya tsaya takarar shugaban ƙasa, ya zo na uku da kusan kashi 20 cikin ɗari. Wadda ta ci ita ce Vigdis Finnbogadottir, mace ta farko a duniya da jama'a suka zaɓa shugabar ƙasa kai tsaye. A 1983 aka naɗa shi ministan kuɗi, a 1985 aka mayar da shi ministan masana'antu.

Yana ministan kuɗi ne aka yi wata badaƙala mai ban dariya. Tun 1924 doka ta hana ajiye kare a cikin birnin Reykjavik, shi kuwa Albert yana da karya mai suna Lucy. A 1984 aka kai ƙararsa, aka ci shi tara, ya ƙi biya, ya nuna ya gwammace a ɗaure shi da ya rabu da karyar. Jaridun duniya suka ɗauki labarin. A wannan shekarar aka sassauta dokar, aka fara ba mutane izini.

Badaƙala ta biyu ba ta dariya ba ce. A 1985 wani babban kamfanin jiragen ruwa, Hafskip, ya durƙushe, ya jawo wa bankin gwamnati na Utvegsbanki asara mai yawa. Albert ya taɓa shugabantar hukumar gudanarwar kamfanin, ya kuma taɓa shugabantar ta bankin. Da bincike ya yi nisa, aka gano wasu kuɗi da Hafskip ya biya kamfaninsa waɗanda ba a bayyana wa hukumar haraji ba. Tsohon ministan kuɗi da matsalar haraji, ai magana ta ƙare. A watan Maris na 1987, ana dab da zaɓe, shugaban jam'iyyarsa Thorsteinn Palsson ya matsa masa ya sauka daga minista.

Da wani ne da ya koma gida ya yi shiru. Albert ya yi abin da ya yi a Milan: ya fice ya tsaya da ƙafarsa. Cikin 'yan kwanaki shi da magoya bayansa suka kafa sabuwar jam'iyya, Jam'iyyar 'Yan Ƙasa, kuma a zaɓen Afrilu suka sami kusan kashi 11 cikin ɗari da kujeru 7 daga cikin 63. Tsohuwar jam'iyyarsa ta sha kayen da ba ta taɓa sha ba kafin lokacin. Sai dai jam'iyyar da aka gina a kan mutum ɗaya ba ta daɗewa. A 1989 Albert ya karɓi muƙamin jakadan ƙasarsa a Faransa, ya koma Faris inda aka taɓa yi masa tafi, jam'iyyar kuma ta watse cikin 'yan shekaru. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu, 1994, yana da shekara saba'in.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa, Ingi Bjorn Albertsson, ya zama cikin manyan masu cin ƙwallo a tarihin lig ɗin ƙasar, shi ma ya shiga majalisa. Jikarsa ta yi wa tawagar mata ta ƙasa wasa, ɗanta kuma shi ne Albert ƙarami, wanda ya je Italiya ya buga wa Genoa da Fiorentina. An kafa mutum-mutumin Albert babba a gaban babban filin wasa na ƙasar, Laugardalsvollur. Lig ɗin da ya baro da ƙungiyoyi huɗu ko biyar yanzu yana da 12, kuma har gobe da bazara ake buga shi.

Ga 'yan'uwa da ke fita atisaye kullum da yamma suna mafarkin Turai, ba wanda ya ce ku daina. Amma ku tuna cewa gwiwar Albert ta kusa ƙare masa sana'a yana da shekara ashirin da biyar, kuma ko da aka dace, wasan ya ƙare yana da talatin da 'yan kai. Shekaru arba'in da suka rage masa, da abin da ya koya a aji ya ci su. Ga masu zawarcin kujerun ƙungiyar ɗalibai kuma, mutumin da ya ci wa ƙasarsa ƙwallayen farko, wanda jama'a suka tsaya masa har a kan karya, takardar haraji ce ta raba shi da kujerar minista. Ku je laca, kuma in an ba ku amanar kuɗin ƙungiya, ku ajiye rasit.