BISHOF SAMUEL AJAYI CROWTHER: YUMƁU A HANNUN MAGININ TUKWANE

A wannan biki na cika shekara hamsin da kafa ikilisiyarmu, ya dace mu tuna da waɗanda suka riga mu cikin aikin Bishara a ƙasar nan. A sura ta 18 ta littafinsa, Annabi Irmiya ya ga maginin tukwane yana aiki. Da tukunya ta lalace a hannunsa bai yar da yumɓun ba, sai ya sake gina wata da shi. Haka Ubangiji ya yi da bawansa Samuel Ajayi Crowther.

ƘURUCIYA DA BAUTA

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, ƙasar Yarabawa, cikin Jihar Oyo ta yanzu. A 1821 masu farautar bayi suka faɗa wa garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa, daga baya kuma aka raba su. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har akwai lokacin da aka musanya shi da doki. Baƙin ciki ya yi masa yawa har ya yi tunanin kashe kansa. A ƙarshe ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko, suka sa shi a jirgin ruwa domin a ƙetare teku da shi. Amma a watan Afrilu na 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka 'yantar da bayin, suka sauke su a Freetown, ƙasar Saliyo.

SABON SUNA

A Saliyo 'yan mishan na C.M.S. suka karɓe shi. Ba a daɗe ba ya iya karanta Sabon Alkawari. Ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi, aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba, 1825, ya ɗauki suna Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay, inda daga baya ya yi koyarwa. Ya auri Asano, wadda sunanta na baftisma Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa ce.

KIRA ZUWA KOGIN KWARA

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da ayarin jirage su bi Kogin Kwara. Crowther yana ciki tare da Rabaran J. F. Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawun Hausa, ya kuma juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar, aka koma da baƙin ciki. Amma ta wurin wannan hasara shugabannin mishan suka gane cewa 'yan ƙasa ne za su kai Bishara cikin Afirka. Aka kira Crowther zuwa London, aka naɗa shi Rabaran a 1843.

A 1846 ya fara aiki a Abeokuta tare da Rabaran Henry Townsend. A nan Allah ya share masa hawaye, gama ya sake saduwa da mahaifiyarsa bayan rabuwar kamar shekara 25. Ita ma ta karɓi Ubangiji, aka yi mata baftisma da suna Hannatu.

Ya sake bin kogin a 1854, har suka shiga Binuwai. A 1857 aka kafa Mishan na Kwara, aka buɗe tasha a Anacha. A wannan tafiya jirginsu ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba. Maimakon gunaguni, ya yi amfani da watannin jiran yana koyon Nufanci, yana kuma sanin mutanen ƙasar. Ya yi zaman girmama juna da Sarkin Bida Masaba, yana bayyana bangaskiyarsa ga Musulmi da ladabi, ba da zagi ba. Ya rubuta littattafan koyon Yarabanci da Ibo da Nufanci, shi ne kuma ya shugabanci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci.

Ran 29 ga Yuni, 1864, aka keɓe shi Bishof a babbar majami'ar Canterbury. Shi ne baƙar fata na fari da ya kai wannan matsayi a Ikilisiyar Angilika. Yaron da aka musanya da doki ya zama makiyayin garken Allah.

GWAJI NA ƘARSHE

Tukunya ba ta ƙarko sai ta sha wuta. Gwajin da ya fi zafi bai zo masa daga masu sayar da bayi ba, daga cikin gidan Allah ya fito. Sa'ad da ya tsufa, waɗansu samarin 'yan mishan daga Ingila suka zo da zafin himma, suka raina aikinsa, suna cewa yana sassauci ga ma'aikatansa. Gaskiya akwai kurakurai a waɗansu tasoshi, amma hanyar da aka bi ta ƙasƙanci ce. A wani taro a Anacha a 1890, a gabansa aka dakatar da fastoci 'yan Afirka, har da ɗansa Dandeson. Dattijon ya sauka daga shugabancin kwamitin, amma bai rama ba, bai kuma juya wa Ikilisiya baya ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya huta cikin Ubangiji a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. A 2014, wajen sujadar cika shekara 150 da keɓe shi, Babban Bishof na Canterbury Justin Welby ya furta tuba a fili saboda abin da aka yi masa.

ABIN KOYI GARE MU

'Yan'uwa cikin Kristi, bauta mugunta ce, raini ma zunubi ne, Allah kuwa ba ya yarda da su. Duk da haka, kamar yadda ya faru da Yusufu a Masar, abin da mutane suka nufa da mugunta Ubangiji ya juya shi ya zama alheri. Sarƙa ta kai Ajayi inda ya ji Bishara, fashewar jirgi ta ba shi sabon harshe, ƙasƙanci kuma ya bayyana tawali'un Kristi da ke cikinsa.

Cikin shekara hamsin ɗin nan mu ma mun ga yunwa da ƙoshi, tsanani da salama, har da saɓani a tsakaninmu. Wataƙila akwai wanda ɗan'uwa ya ɓata masa rai har ya daina zuwa sujada. Kada ya fid da zuciya, gama Maginin bai gama aikinsa ba tukuna. Iyaye su ba 'ya'yansu wannan labari, matasa kuma su miƙa kansu ga hannun da ya gina Ajayi.

Ubangiji ya ba mu alherin jimrewa har ƙarshe. Amin.