Wong Fei-hung: mai ɗorin da ya zama gwarzon fina-finan Caina

Duk wanda ya taɓa zaman gidan kallo a nan Madarunfa ko a Maraɗi ya san mutumin nan, ko da bai san sunansa ba. Shi ne Jackie Chan ya fito a matsayinsa a fim ɗin Drunken Master na 1978, shi ne kuma Jet Li ya taka a Once Upon a Time in China na 1991. To, ba ƙagaggen labari ba ne. Wong Fei-hung ya yi rayuwa da gaske, kuma sana'ar da ta riƙe shi ita ce magani da ɗorin karaya.

An haife shi a 1847 a yankin Foshan, lardin Guangdong, kudancin ƙasar Sin. Mahaifinsa Wong Kei-ying yana cikin gwanayen faɗa goma da ake yi wa kirari da damisoshin Kanton. Tun yana yaro yake bin uban nasa kan tituna, suna nuna wasa suna sayar da magani, kamar dai yadda masu magani ke tara jama'a ranar kasuwa a wurinmu.

Salon da ya gada ana ce masa Hung Gar, kuma ƙarfinsa yana ga hannu. Su a wurinsu, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu gada ce, don nan ne jikinka ke fara haɗuwa da na abokin karawa. Idan gadar ta yi rauni, kai da za ka tare naushi kai ne za ka fara jin jiki. Shi ya sa suke ba ta horo na musamman. Akwai wanda ake kira taurari uku: mutum biyu su tsaya fuska da fuska, ƙafafu a buɗe, gwiwa a lanƙwashe, suna gwara hannuwa a gurbi uku, ciki da waje, sama da ƙasa. Akwai zobban ƙarfe da ake zurawa a hannu don ƙarin nauyi. Sai kuma wani jerin motsi mai suna zaren ƙarfe, wanda ake yi a hankali, ana ɗaure tsoka ana sakinta tare da numfashi. Wannan Wong ya koye shi yana saurayi wurin Lam Fuk-sing, almajirin Leung Kwan, mutumin da saboda taurin hannunsa aka laƙaba masa gadar ƙarfe.

Ga inda muke so samarinmu su buɗe kunne. Mun sha ganin yara sun fito daga kallo suna dukan icce ko bango da hannu, wai su ma za su taurare. Wallahi ba haka ake yi ba. Gwarawar nan da sauƙi ake fara ta, ƙarfi yana ƙaruwa cikin watanni da shekaru, ƙarƙashin idon malami. Bayan kowane horo kuma sai an murza hannun da wani jiƙon saiwoyi da ganyaye mai suna dit da jow, na shafawa, don kumburi da taruwar jini. Fim yana nuna dukan, ba ya nuna murzar. Ko 'yan dambenmu ai ba sa shiga fage sai sun naɗe hannu da ƙyalle da zare, kuma manya na tsaye a kansu.

A 1886 Wong ya buɗe gidan maganinsa, Po Chi Lam, a birnin Guangzhou. Nan ake kawo masu karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, nan kuma yake koyar da almajirai. Cikinsu wanda ya fi shahara shi ne Lam Sai-wing, mahauci ne, wanda daga baya ya koma Hong Kong aka buga littattafan salon da hotunansa, har da na zaren ƙarfen.

Ƙarshen rayuwarsa dai ba ta yi daɗi ba. An kashe ɗansa Wong Hon-sam, wanda ya koya wa faɗa, abin da ya karya masa zuciya har ya daina koya wa sauran 'ya'yansa. A 1924 rikici ya ɓarke tsakanin dakarun 'yan kasuwar Guangzhou da gwamnatin Sun Yat-sen, gobara ta cinye unguwanni, Po Chi Lam ya ƙone ƙurmus. Tsohon bai sake murmurewa ba. Ya rasu a 1925, yana da shekara 77, ba shi da komai.

Matarsa ta ƙarshe, Mok Kwai-lan, ta koma Hong Kong ta ci gaba da koyarwa. A can ne, a 1949, ɗan wasa Kwan Tak-hing ya fara fitowa a matsayinsa, ya kuma maimaita hakan a fina-finai sama da 70, tun kafin a san Jackie Chan da Jet Li.